Kwalbar Ranar Alhamis

Akwai wata yarinya a Nguru, 'yar aji shida. Ita ce ƙarama a gidansu, don haka kowa Auta yake ce mata. Tana da tsabta, amma fa ƙyanƙyami ya yi mata yawa. Ko ƙuda ne ya sauka a hijabinta sai ta ɓata rai.

Babanta, Malam Ibram, yana kiwon kifi a bayan gida. Yana da kwamin siminti cike da 'ya'yan tarwaɗa. Da rani ruwa yana wuya a unguwarsu, ga shi kifi sai da canjin ruwa.

Yayarta Fanne tana jami'a a Gashuwa. Bincike take yi a kan ruwan wanki da na wanke-wanke, wanda ake zubarwa a kwata. Ta jera duro uku a bayan gida. Ta zuba tsakuwa a na farko, yashi da gawayi a na biyu. A na uku ta shuka kacalla, ciyawar nan da ta toshe wa masunta hanyar ruwa.

Auta ta ce, "Ya Fanne, wannan muguwar ciyawar kuma ta mece ce?"

Fanne ta ce, "Saiwarta tana shanye datti. In ruwan ya tace, kifin Baba sun samu. Lakar da ta kwanta a ƙasa kuma taki ce."

Ran da za ta koma makaranta, ta ba Auta kwalabe. Ta ce, "Kowace Alhamis ki cika ɗaya a famfon duro na uku. Ki ba Mudi direba ya kawo mini in gwada. Kada Baba ya zuba wa kifi sai na ce. Ruwa yakan yi fes a ido, alhali da cuta a cikinsa."

Alhamis ta farko Auta ta toshe hanci, ta taka caɓi, ta ɗebo. Fanne ta bugo waya ta ce, "Bai yi ba tukuna."

Alhamis ta biyu Auta ta ci ado za ta gidan suna. Ƙawarta Haula ta biyo mata. Da suka leƙa bayan gida, Haula ta ja da baya.

Ta ce, "Tab! Ke ce za ki shiga nan da sabon takalmi? Wallahi gobe a aji Auta Mai Kwata zan kira ki."

Auta ta dubi takalminta, ta dubi caɓin. Sai ta juya, ta cika kwalbar a randar ruwan shansu. Ta ce a ranta, ai ruwa ruwa ne. Kash! Da ta sani.

Ranar Asabar Fanne ta bugo waya, cike da murna. "Baba, ya yi! Ya yi tsaf! Ku zuba musu."

Baba ya yi hamdala. Ya ja tiyo daga duro na uku ya saka a kwami. Auta tana tsaye tana kallo. Ta san ruwan randa aka gwada, amma ta sulale ta koma ɗaki.

Washegari da safe ta ji salatin Inna. Ta fito a guje. Kifayen sun taso saman ruwa, cikinsu fari a sama. Kaɗan ne ke motsi. Baba ya kwashe masu sauran rai ya zuba a baho. Sannan ya zauna a bakin kwamin ya yi tagumi. Ranar ko koko bai sha ba.

Kafin azahar Fanne ta iso daga Gashuwa. Da ta ga kifin sai ta fashe da kuka.

Ta ce, "Baba, ka yafe mini. Sau biyu na gwada ruwan nan. Ban san inda na yi kuskure ba. Shekara biyu ina wannan aiki, ashe wahalar banza nake."

Baba bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma gobe a kwashe durukan nan daga gidana."

Maƙwabta suka shigo jaje. Wani ya ce, "Da ma mun faɗa. Yaushe ruwan kwata zai raya kifi?" Fanne tana ji, ta sunkuyar da kai.

Auta ta shige ɗaki. Inna ta kai mata tuwo, ta kasa ci. Tana jin yayarta tana ta kuka a kan laifin da ba nata ba. Abin ya ci mata rai ƙwarai.

Da la'asar ta fito, ta durƙusa a gaban Baba.

"Baba, ba laifin Ya Fanne ba ne. Ni ce. A randa na cika kwalbar."

Fanne ta juyo ta dube ta.

Fanne ta ce, "A randa? Auta, ruwan shanmu na yi ta gwadawa?"

"Na ji tsoron Haula ta yi mini dariya."

Fanne ta share hawaye. Ta ce, "Da kin ce ba ki ɗebo ba, da ko kifi ɗaya bai mutu ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi."

Baba bai doki Auta ba. Fartanya ya miƙa mata. Ya ce, "Je ki binne matattun kifin a gindin lemo, da hannunki." Ta haƙa rami tana kuka. Warin ya fi na caɓin nan sau goma, amma ba ta toshe hanci ba.

Fanne ta buɗe duro na biyu. Ashe yashin ya zaizaye ta gefe ɗaya, ruwan sabulu yana wucewa kai tsaye. Da kwalbar gaskiya aka aika, da ta nuna haka tun farko. Ta gyara, Baba kuma ya ce a bar durukan.

Daga nan kowace Alhamis Auta sai ta zura takalman robar Baba ta shiga caɓi. Haula ta kira ta Mai Kwata a aji. Auta ta ce, "Na ji. Gara wannan suna da maƙaryaciya."

Sau uku Fanne tana cewa bai yi ba. A na huɗu ta ce ya yi.

Baba ya mai da kifin baho cikin kwami. Ya miƙa wa Auta tiyo ya ce, "Ke kika ɗebo, ke za ki zuba."

Ta karɓa ta zuba. Da gari ya waye ita ta fara isa bakin kwamin. Ta watsa abinci. Sai ruwa ya yamutse, tarwaɗa suna ta wawaso, har suka fantsama mata a hijabi. Ta ƙwala kira, "Baba! Suna da rai!"

Yara, in an ba ku amana ku riƙe ta. In kun kasa, ku faɗi gaskiya tun da wuri. Ƙaryar da ba ta fi cikin kwalba ba ita ta kashe kifin kwami guda.