Tabaryar da Ta Koma Sandar Sinuka

Duk wanda ya taɓa zuwa teburina na sinuka a Fagge ya ga mutumin nan da ke zama a ƙarshen benci, fuskarsa fes kamar wanda bai taɓa ciwon kai ba. 'Yan wasa suna ce masa mahaukaci. Ba mahaukaci ba ne. Da ma a ce ya haukace, da ya huta. Ni Kyari na san shi tun yana da gida, kuma har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Sunansa Tochukwu, haifaffen Sabon Gari, Hausarsa ta fi tawa. Kafinta ne, amma ba ya yin kujera ko gado. Sandunan sinuka yake sassaƙawa da hannu, iri biyu. Akwai mai nauyi da taurin kai, wadda ake bugun farko da ita a tarwatsa ƙwallayen da aka jera. Akwai kuma gajera mara nauyi, wadda ake sarar farar ƙwallo da ita ta yi tsalle ta haye wadda ta tare mata hanya. Sai ya auna hannunka kafin ya taɓa itace. Aiki dai ya iya, amma 'yan wasan Kano sun fi son sandar waje mai ƙyalli, ko da za ta lanƙwashe kafin damina ta wuce. Wannan ya ci masa rai. Yana da mata, Nkechi, da yara biyu, Chukwuma da ƙanwarsa Chinyere. Ba su taɓa kwana da yunwa ba. Shi dai so yake a san sunansa har Legas.

Wani ɗan caca ne ya kwatanta masa wani boka. Da rana tsaka ya je, wani kango a bayan gari, amma yana sunkuyawa ya shiga sai ya ji sanyi kamar cikin rijiya. Jan ƙyalle ya rufe bango, ƙahonin awaki na rataye a jikinsa. A tsakiyar ɗakin akwai turmi, bakinsa ya yi baƙi ƙirin da tsohon jini, ƙudaje kuwa ba sa sauka a kansa. Bokan na zaune a bayansa, wani ƙanƙanin tsoho mai doguwar farce.

"Kafinta," in ji shi, "a bayan ƙofar kicin ɗinku akwai tabarya. Je ka kawo."

Tochukwu ya gane wadda yake nufi. Tabaryar mahaifiyarsa ce, ta itacen ƙirya, wadda ta yi ta daka masa sakwara da ita har ya girma. A saninsa, tun rasuwarta take jingine a wurin, domin Nkechi inji take kai niƙa. Ya koma Sabon Gari ya naɗo ta a buhu lokacin da matarsa take kasuwa.

Boka ya tsayar da tabaryar cikin turmi, ya yanka baƙin zakara a kanta. Jinin bai gangaro ba, itacen ne ya shanye shi. Daga nan tabaryar ta ɗaga da kanta ta sauka, ƙasa ta amsa.

"Duk sandar da za ka yi, ka tsaga ɗan sili daga jikinta ka dasa a ciki. Wanda ya riƙe ta ba zai yi kuskure ba."

"Me zan biya, Baba?"

"Duk bakin da ya taɓa cin abin da tabaryar nan ta daka, namu ne. Sanduna na bugu, mu muna ɗauka."

"Ai ni ma na ci."

"Ka ci kuwa, har ka yi ƙiba."

"To a cire ni. In ba haka ba, ba ni kayana in tafi."

Boka ya yi dariya ba sauti. "An cire ka. Ko ƙaya ba za ta soke ka ba. Saura wa kake so a cire?"

Tochukwu ya yi tunani. Uwarsa ta rasu, ubansa ya rasu, shi kaɗai suka haifa. Akwai tsofaffin maƙwabta da suka taɓa cin sakwarar Kirsimeti a gidansu, amma ya ce a ransa wa ya san inda suke. Wannan tunanin kaɗai ya isa ya nuna maka abin da kwaɗayi ya mayar da shi.

"Babu kowa," ya ce.

"Ka tabbata? Ba za ka je gida ka tambaya ba?"

"Gidana ne, Baba. Na san abin da ke ciki."

Da Nkechi ta nemi tabaryar, sai ya ce ƙwari sun cinye ta, ya jefar. Ta yi kuka ranar, shi kuwa ya ɗauka kukan mata ne kawai.

A teburina aka fara gwada sandar farko. Wani da bai iya komai ba ya buga, ƙwallaye suka watse suna faɗawa ramuka kamar ana kiran su. Kafin shekara ta zagayo masu kuɗi na aiko direbobi daga Abuja da Fatakwal su yi layi a ƙofar shagonsa. Ya sayi gida mai bene, ya sayi mota, ya sa yara a makarantar kuɗi. Labari kan zo jefi-jefi cewa wata tsohuwa da suka zauna gida ɗaya da ita ta faɗi matacciya a Zariya, ko wani dattijo a Aba. Sai ya aika da gudummawa mai kauri, ya koma kan aikinsa.

Sai aka zo kan Chukwuma. Yaro lafiyayye, yana ɗaura takalmin makaranta, ya dafe ƙirji kamar an buge shi da wani abu, ya kife. Likita bai ga komai ba.

Ina zaune a wurin makoki lokacin da Nkechi ta yi maganar da ta kashe mijinta a tsaye. Ba da wata manufa ta faɗa ba, sambatun uwa ne.

"Baban Chukwuma, ka tuna tabaryar Mama? Da ita na daka masa doyar farko da ya ci a duniya. Mama ce ta sa na yi mata alkawari kafin ta rasu, duk jikanta da ita za a fara ciyar da shi. Shi da Chinyere duka. Ni nake fara ɗanɗanawa in ji ko ta huce."

"Ba ki taɓa gaya mini ba," ya ce.

"Kana shago. Yaushe ka taɓa tambayar me yara suka ci?"

Ya bar mutane zaune ya ruga kangon nan. Bai tarar da kowa ba, sai turmin a kife. Ya ƙone guntun tabaryar da ya rage, ya sayar da mota da gida, ya bi gari gari yana roƙon a mayar masa da sandunansa. Wasu suka karɓi ninkin abin da suka biya. Yawanci suka ƙi, don wa zai rabu da sandar da ba ta kuskure? Wasu ma an riga an fita da su ƙasar waje.

Yana Legas yana durƙusa wa wani ɗan caca aka kira shi. Chinyere ce ta faɗi matacciya a cikin coci, tana tsakiyar waƙa. Wallahi na yi wa yarinyar nan kuka kamar tawa. Ita ce take kawo wa babanta abinci a shago, ta tsaya ta gaishe ni da "Baba Kyari, ina wuni," tana dariyar yadda nake riƙe sanda.

Nkechi ba ta mutu nan take ba, hankalinta aka fara ɗauka. Takan zauna a tsakar gidan haya da turmi a gabanta, tana ɗaga hannuwa tana saukewa ba komai a cikinsu, tana cewa a kira yara doya ta kusa laushi. A haka wata safiya ita ma ta dafe ƙirji.

Shi kuwa boka bai yi masa ƙarya ba. A daidaita sahu ta kife da shi a shataletalen Bata, kowa ya ji rauni, shi ko ƙwarzane. Zazzaɓi ba ya kama shi. Ya roƙi mutuwa har ya gaji.

Kai da kake ganin sana'arka ta yi maka kaɗan, ka ji tsoron Allah. Mai ba ka dukiya ta wannan hanya ya fi ka sanin abin da ke gidanka, kuma abin da ka fi so shi zai ɗauka, ya bar ka da rai ka yi kallo.

Yanzu kullum yana wurina. In an jera ƙwallaye za a fasa, sai ya taso ya rufe su da tafukansa biyu, ya dubi mai sanda ya ce, "Don Allah ɗan dakata, bari su ƙara zama tare kaɗan." Sababbin zuwa sukan yi dariya. Ni kuwa nakan ce a jira shi.