Gwal Ɗin Da Ba a Haƙo Ba

Tun da aka sauko daga Juma'a Ummulkhair ke zagaye ɗan falonsu na unguwar Hor Al Anz a Dubai, waya a hannu, miyar kuɓewa tana ƙonewa a kicin ba ta ko ji ƙaurin ba. Jan layin da ke fuskar wayar ya gangara ƙasa ya tsaya cak, a ƙarƙashinsa an rubuta cewa an dakatar da cinikin hannun jarin kamfanin haƙar gwal ɗin da ta zuba wa jari. Ta sake kiran yayanta Halliru, wanda ke harkar kago, wato aika kaya gida, a unguwar Karama.

"Yaya, don girman Allah me ke faruwa? Sun ce an rufe!"

"Ke, shwaiya shwaiya, bi a hankali! Haka kasuwa take, za a buɗe."

"Labarai sun ce samfurin dutsen da suka nuna na bogi ne. Gwal ɗin Ummi Kulsum fa? Biki ya matso, Umma sai kira take..."

"Ki ce maƙeri bai gama ba. Kuma kar ki kuskura matsoracin mijin nan naki ya ji. Khalas, magana ta ƙare!" Ya kashe wayar.

Ta sulale ƙasa. Gwal ne da Umma ta fara tara wa autarta Ummi Kulsum tun tana firamare, sarƙa da awarwaro da 'yan kunne. Ta aiko da shi daga Kano a kai kasuwar gwal ta Deira a canza tsohon yayi da sabo, kamar yadda mata ke yi in aure ya taso. Amana ce aka damƙa wa Ummulkhair hannu da hannu.

Mijinta Mika'ilu, akanta a wani ofishi a Port Saeed, shi Halliru ya fara tara da zancen wani ƙaramin kamfanin waje da ya gano zinare a ƙarƙashin ƙasa. Mika'ilu ya sunkuyar da kai cikin ladabi ya ce, "Yaya, a yi mini haƙuri. Kamfanin da bai haƙo komai ba, alkawari kawai yake sayarwa." Wannan haƙurin shi ya jawo masa baƙin jini. Halliru ya kai wa Umma cewa surukinta marowaci ne mai raina manya, har ta koma amsa gaisuwarsa a daƙile. Sai kuma ya juyo kan ƙanwarsa da daɗin baki: "Gwal ne fa za ki sa a gwal. Ke tun da kike kin taɓa jin gwal ya yi asara? Kafin biki ya ninka, ki mayar wa Umma biyu." Ita kuwa baiwar Allah, da ta tashi a gidan da ake ajiye dukiya a wuya da hannu, ta ɗauka duk abin da aka kira gwal gwal ne. Ta miƙa masa gwal ɗin Ummi a ɓoye.

Tana zaune a ƙasan ta ji ƙarar makulli.

"Ummul, me ke ƙonewa haka?" Mika'ilu ya wuce ya kashe gas, ya dawo ya dube ta. "Subhanallahi! Wa ya rasu?"

Ƙaryar da Yaya ya koya mata ta zo har bakinta. Ta haɗiye ta. Ta durƙusa ta riƙe ƙafarsa, ta faɗi komai tana kuka kamar ranta zai fita.

Bai yi ihu ba. Can ya ce, "Muna ci a kwano ɗaya, kina riƙe da wannan a cikinki?"

"Na tuba, habibi! Ka yi mini kowane hukunci, amma kar ka furta kalmar nan, don Allah kar ka furta!"

Ya zare ƙafarsa ya shige ɗaki. Ta bi ƙofar da ido, tana hango kanta a filin jirgi da akwati, ba miji ba gwal, ba fuskar da za ta kalli Umma da ita. Da ya fito alwala ce a fuskarsa, idanunsa jajur.

"Tashi ki kira Umma. Yanzu."

"Za ta tsine mini!"

"Ƙarya ce za ta sa ta tsine miki. Yalla, maza, ina nan kusa da ke."

Ta kira, ta faɗi gaskiya. Salatin da Umma ta saki har wayar sai da ta yi ƙara. Mika'ilu ya karɓa, ya rusuna kamar tana ganinsa.

"Umma, a gidana aka yi ɓarnar, ni zan gyara. Zan sayar da motata, in ƙara da albashi. Ba zai kai na da ba, amma Ummi ba za ta shiga ɗakinta wuya wayam ba."

Sai muryar tsohuwar ta fito: "Kai da na ƙi amsa wa gaisuwa? Ɗan da na haifa ya cuce ni, wanda na raina ya rufa mini asiri. Ka yafe mini, ɗana."

Kamfanin bai sake buɗewa ba. Halliru ya daina ɗaukar waya, ya ƙi zuwa bikin don kunya. Ummi Kulsum ta tare da 'yar siririyar sarƙa, Umma kuwa ba ta da zance sai na surukinta. Darasin a fili yake: dukiyar amana ba jarin gwaji ba ce, kuma wanda ya hana ka kwaɗayi shi ne mai ƙaunarka. Ummulkhair ba ta buƙatar a tuna mata, domin kullum da safe takan tsaya a taga tana kallon mijinta yana takawa cikin zafin Dubai zuwa tashar jirgin ƙasa na metro, bai taɓa goranta mata ba.