Ranar da Kaka Ta Kusa Rasa Zaɓe

Akwai wata yarinya da 'yan gidansu ke kira Mai-Mafarki. Ko da rana tsaka, hankalinta yana can yana yawo cikin gajimare.

Ranar zaɓe, Kaka ta miƙa mata waya, domin idonta ba ya ganin ƙananan rubutu.

"Jikalle, duba min inda zan jefa ƙuri'a bana. Ban taɓa fashin zaɓe ba, kuma ba yau zan fara ba."

Yarinyar ta fara rubuta tambayar. Sai ga hoton wani shuɗin tsuntsu a gefe. Ta taɓa shi. Tsuntsun ya kai ta hoton wani tafki, tafkin ya kai ta hoton teku. A ranta har ta shiga kwalekwale, iska tana kaɗa ta, kifaye suna yi mata rakiya.

"Kin samo?" in ji Kaka.

Ta yi firgigit. Ta karanta amsar farko da ta gani, ko kwanan wata ba ta duba ba.

"A tsohuwar makaranta ne, Kaka."

Suka kama hanya, Kaka tana dogara sanda. Da suka isa, ƙofa a kulle. Babu layi, babu kowa, sai awaki biyu a inuwa.

"To, ko waɗannan ne ma'aikatan zaɓen?" Kaka ta ce da dariya. Amma ta zauna a kan dutse tana matsa gwiwarta.

Yarinyar ta sake dubawa. Ashe bayanin na shekara huɗu da suka wuce ne! Kunya da tausayin Kaka suka kama ta, idonta ya cika da hawaye.

"Ki yafe min, Kaka. Na tafi yawon teku, na bar aikinki."

"To fito daga ruwan, ki duba min da kyau."

Wannan karon ta karanta a tsanake. Ta duba kwanan wata, ta gwada da wani shafin. An mayar da rumfar zaɓen kusa da ɗakin karatu. Tsuntsun ya sake fitowa, ko kallonsa ba ta yi ba.

Suka isa ana shirin rufe layi. Kaka ta jefa ƙuri'arta, ta fito tana murmushi. Ta ɗaga yatsanta mai tawada, ta dangwala a hancin jikarta.

"Ga taki shaidar," ta ce. "Mafarki ba laifi ba ne. Amma in an sa ki neman abu, ki tsaya a kansa, ki tabbatar kafin ki faɗa."

Har suka isa gida, yarinyar ba ta goge hancinta ba.