Gadon da Ya Ƙi Shiga Lungu

Ranar da aka kawo gadon jaririn, rana ta riga ta yi ja, inuwar katanga ta rufe tsakar gida, hayaniyar titi ta fara lafawa. Kwana uku ke nan da Auta ta haihu. Mijinta direban babbar mota ne, yana can kan hanya, shi ya sa take zaune a gidan iyayenta, a ɗakin da ta yi ƙuruciya.

Mahaifinta, wanda unguwa ke kira Hedimasta ko da yake ya shekara tara da barin aiki, shi ya ɗauki maganar makwancin jikan a kansa. Ya hana a kwantar da yaro a katifar uwarsa, kada barci ya kwashe ta ta danne shi. Ya ƙi gadon kasuwa mai lilo, ya ce katakonsa da kwali duk ɗaya. Abin da yake so ƙaramin gado ne mai bango uku, gefe ɗaya a buɗe, a manna shi da gadon uwa, in yaro ya motsa hannu kawai za ta miƙa. Kuma lalle sai a lungun da ke tsakanin gadonta da bango, nesa da taga, nesa da labule. Ya ɗauko doguwar rular katako da ya baro aji da ita, ya auna lungun sau uku, ya rubuta a takarda, ya ja layi biyu a ƙarƙashi, ya kai wa kafintan bakin titi.

Gado ya zo, ya ƙi shiga. Ya fi lungun faɗi da yatsa biyu.

Hedimasta bai tsaya shan ruwa ba, ya nufi shagon. Kafintan tsohon ɗalibinsa ne, yanzu har ya fara furfura. A gaban tela da mai gyaran babur da duk wanda ke wucewa, Hedimasta ya wanke shi tas. Ya ce tun yana aji uku bai san bambancin bakwai da tara ba, ya ce wanda ya ba shi aikin ƙofa ya shirya kwana a waje. Kafinta ya sunkuyar da kai, ya ce shi takarda ya bi, amma a yi haƙuri, da safe zai zo ya rage katakon.

"Shekara talatin da biyar ina gyaran kuskuren 'ya'yan mutane," in ji Hedimasta. "Naka ma ba zai kwana ba."

Ya dawo gida ana kiran sallar magariba. Ya ɗauko guduma da wani guntun ƙarfe mai kaifi, ya durƙusa a lungun, zai fasa simintin bango gadon ya samu hanya. Matarsa ta tsaya a bakin ƙofa da buta a hannu, ta ce ya bari a idar da salla, ba a dukan bango a irin wannan lokaci. Ya ce ya ji. Bai yi bisimilla ba, sunan kafinta kaɗai ke bakinsa. A bugu na huɗu wani abu ya yi ƙara a cikin bangon, siririya, kamar an taka ɗan kyanwa. Wutar ɗakin ta dusashe, ta dawo. Ya tsaya da guduma a sama yana saurare, bai ƙara jin komai ba. Ya share ɓaraguzai, ya tura gado, gado ya shiga.

Aka shimfiɗa katifa mai tauri, ba matashi, ba tarin zannuwa, yadda ya tsara. Aka kwantar da yaro. Kafin a yi isha yaron ya dunƙule hannunsa na dama, ya ƙi buɗewa, ya kuma ƙi nono.

Daga nan gidan ya canza. Da duhu ya sauka sai a ji ƙananan duwatsu na faɗowa a kan gidan sauron jaririn, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar wani na ƙirgawa. In an duba, ɓaraguzan siminti ne, alhali rufin ɗakin ko tsaga babu. In yaron ya yi kuka ya gaji ya yi shiru, sai wani kukan ya karɓa daga cikin bango, na jariri shi ma, amma a shaƙe. Auta ta juya fuska ga lungun, ta daina magana. In uwarta ta miƙa mata ɗanta sai ta janye hannu, ta dube shi kamar ba ta taɓa ganinsa ba. Da cokali ake ɗiga masa madara, rabi na komowa.

Rana ta biyu Hedimasta ya zauna zai rubuta wa shugaban masu sana'ar titin takardar ƙara, yana neman a tilasta wa kafinta ya amsa laifinsa a bainar jama'a. Don hujja ta cika, ya ari tef ɗin awon ɗinkin matarsa ya auna gadon. Awon ya zo daidai da takarda, ko ƙwayar gero bai ƙaru ba. Ya ɗauko rularsa ya dubi bakinta. Shekarun da ya yi yana buga ta a tebur don aji ya yi shiru sun cinye kanta, yatsa biyu cif. Duk abin da aka auna da ita sai ya fi gaskiyarsa.

Ya daɗe a zaune. Mutumin da ya saba sa yaro ya miƙe gaban aji ya faɗi kuskurensa da bakinsa, ya tashi ya cusa rular a bayan kabad, ya yaga takardar, bai gaya wa kowa ba. Wannan ba mantuwa ba ce, kuma bai kamata a kira ta da wani suna mai laushi ba.

Yammacin rana ta uku kukan yaron ya koma kamar numfashi. Matar Hedimasta ba ta nemi izinin kowa ba, ta aika aka kira malamin ruƙiya, wani dattijo marar yawan magana. Ya shigo gab da magariba, ya zauna a tabarma kusa da gadon Auta, ya sa aka miƙa jaririn ga kakarsa ta riƙe. Ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa. Ɗakin ya yi nauyi, har ƙarar titi ta ɗauke. Can Auta ta tashi zaune, wuyanta a sandare, ta buɗe baki, muryar wata mace ta fito, mai kauri, wadda ta dishe saboda kuka.

Malamin ya tambaye ta ko ita wace ce, me kuma ta zo nema wurin mai jego. Ta ce ita aljana ce, kuma ba zuwa ta yi ba, a nan aka same ta. Tun kafin a yi wa ɗakin rufi take zaune a lungun nan, ba ta taɓa tsorata kowa ba, yarinyar nan ma a gabanta ta girma. Ita ma haihuwa ta yi, kwana ɗaya tsakaninsu. Ta kwantar da ɗanta a cikin bango, inda babu iska, sai ga ƙarfe ya shigo ba sallama, ba sunan Allah da zai sa ta janye shi, ya sauka a hannunsa.

Malamin ya juya ya tambayi wanda ya fasa bangon. Hedimasta ya gyara murya, ya ce asalin abin dai kafinta ne ya ɓata awo.

Muryar ta yi dariya, dariyar da ba daɗin ji.

"Kafinta bai taɓa taka ɗakin nan ba. Tsoho, ɗauko abin da ka ɓoye a bayan kabad."

Matarsa ta dube shi. Ya tashi da ƙyar, ya zaro rular, ya ajiye a tabarma. Bai iya ɗaga ido ba.

Aljanar ta ce hannu take so a madadin hannu. Malamin ya ce jaririn nan bai yi mata komai ba, kuma ta san Wanda ya hana a kama wani da laifin wani.

"Nawa fa?" ta ce. "Me ya yi?"

Malamin ya ci gaba da karatu, ya ɗaga murya, jikin Auta ya shiga rawa, muryar ta yi ta roƙon ya sassauta. Da ya sassauta aka shiga ciniki. Ta yarda za ta saki uwar, ta saki nonon, ta kwashe ɗanta ta bar gidan, bisa sharaɗi uku. A fitar da gadon daga lungun. Tsohon ya toshe ramin da hannunsa, da sunan Allah a bakinsa. Kuma ya koma inda ya tozarta bawan Allah, ya faɗi gaskiya da irin muryar da ya yi zagin. Malamin ya ce saura hannun yaro. Ta ce zai buɗe, amma abin da ta riga ta yi a daren farko cikin zafin zuciya, ko ita ba ta da ikon mayar da shi.

Auta ta yi atishawa sau uku, ta sulale a kan katifa. Kakar ta matso da yaron, ta kanga shi a ƙirjin uwarsa. Ya yi ta laluba, ya kama. Ƙarar haɗiyarsa kaɗai ake ji a ɗakin.

Da safe Hedimasta ya je bakin titi. Ya faɗi maganar a hankali, tela ya ce bai ji ba, dole ya maimaita da ƙarfi. Kafinta ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya biyo shi. Ya mayar da gadon ɗaya gefen, ya daidaita tsayinsa da katifar uwa, ya ɗaure ƙafafunsa da na babban gadon har ba inda yatsa zai shiga tsakani. Hedimasta na durƙushe a lungu yana shafa siminti.

Auta ta farka da hantsi, ba ta tuna komai ba. Ta miƙa hannu ta jawo ɗanta, tana wasa da tafinsa, sai hannun ya buɗe. Yatsu huɗu suka miƙe. Manunin ya tsaya a lanƙwashe, ya ƙi. Ta murza shi a hankali, ta sake murzawa, sannan ta dubi mahaifinta.

"Baba, haka aka haife shi?"

Uwarta ta kawar da kai. Kafinta ya tsaya da ɗaure jakarsa. Ƙarya ɗaya za ta wadatar, kuma ba wanda zai tona. Hedimasta ya dubi simintin da ke hannunsa.

"A'a, Auta," ya ce. "Lafiya lau kika haife shi. Ni ne."