Layin Bisa Da Ya Ɓace A Zurmi

Ƙarya ɗaya Ubaidullahi ya yi wa Hamida, kuma ita ta raba ta da aikinta.

A shagonsa na gyaran kwamfuta suka haɗu, nan Ƙaura Namoda, bayan tsohuwar tashar jirgi. Ita malamar lissafi ce a wata makarantar kuɗi a Shinkafi. Ta kawo kwamfutarta gyara, sai ya ga takardar jarrabawa a hannunta, rabi bugun inji, rabi rubutun biro.

"Malama, injin ne ya gaji a tsakiya?"

"Injinku bai san uku bisa huɗu ba," in ji ta. "Sai na bar fili, in an buga in bi da biro. Ku masu kwamfuta ba ku da aiki sai canza batir."

Maganar ta sosa shi, mai maganar kuma ta shige masa rai. Ya ce zai haɗa mata manhajar rubuta lissafi a cikin takarda. Ta yi dariya, amma ta ba shi lambarta.

Ta farkon da ya haɗa, allo ne cike da maɓallai, kowace alama da nata. Hamida ta gwada, ta turo saƙo:

"Injiniyana, wannan ai rumfar mai koli ce. Malamanmu ko maus ba su da shi. Ka bari mutum ya rubuta yadda yake faɗa wa yara. In na rubuta uku bisa huɗu, uku ta hau sama, huɗu ta sauka, layi ya shiga tsakani."

Ya amsa: "An gama, Malamata. Ke bisa kowa."

Ya rushe, ya sake gini yadda ta ce, abin ya yi kyau. Makarantun kuɗi na Ƙaura da Shinkafi da Zurmi suka karɓa, har suka ɗora wa Hamida shirya jarrabawar lissafin da suke yi tare.

Maganar aure ta taso tsakaninsu, saura mahaifinta, Alhaji Sodangi mai motocin haya. Da Ubaidullahi ya je gaisuwa, Alhaji ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai yaro, mi kaka saidawa?"

"Manhaja, Baba."

"A buhu take ko a kwano? Ni ban ba da ɗiyata ga mai sana'ar da ba a gani."

Wanda Alhaji yake so ya ba ɗiyarsa shi ne Rilwanu, mai shagon buga takardu a Zurmi, don injinansa ana jin ƙararsu tun daga bakin titi.

Abu ɗaya ya rage a manhajar. Alamomin lissafin a kwamfutar da aka saka ta kaɗai suke zaune. Hamida ta ce a dinga cusa su cikin kowane fayil, don duk inda ya je ya tafi da kayansa. Ubaidullahi ya ce fayil zai yi nauyi, ga sabis ɗin Zurmi sai an hau tudu. Kowa da gaskiyarsa. Ta nace, shi kuma ya gaji da musu, ga gyaran zai ci masa lokaci.

"Ka saka, masoyi?"

"Na saka."

Bai saka ba.

Hamida ta tura wa Rilwanu fayil ɗin jarrabawar ta waya, ya buga a kwamfutar da ba ta san manhajar ba, ya ƙunshe bai duba ba. Ranar jarrabawa yara suka buɗe takarda, babu layin bisa ko ɗaya. Uku bisa huɗu ta koma talatin da huɗu. Yara suka yi ta kuka, iyaye suka yi ca, aka soke jarrabawar. Sunan Hamida ne a kan aikin, ita aka sallama.

Ta kira shi. "Ubaidu, ko ni na yi kuskure wajen turawa?"

Ya ce, "Sai an bincika."

Nan ya fi zama abin kunya. Yana ji Rilwanu na yawo da zancen cewa mace ba ta iya aikin inji ba, gara ta zo ya ajiye ta a gida. Yana gani saƙonninta na shigowa, ita ke ba shi haƙuri wai ta ɓata masa sunan manhaja. In ya buɗe kwamfuta sai ya rufe.

Ranar da shugabannin makarantun suka zauna a Shinkafi, ya shiga ba a kira shi ba. Ya buɗe fayil ɗin a kwamfutarsa, ga layi. Ya buɗe a ta shugaban zaman, babu. Ya ce, "Ta ce in gyara, na ce mata na gyara. Ƙarya na yi." A take suka soke aikinsa.

Daga nan ya wuce gidan Alhaji Sodangi, ya durƙusa a zaure, ya maimaita. Alhaji ya ajiye carbi.

"Direbobina in sun kaɗe akuya, gudu suka yi. Kai ka dawo da ƙafarka. Tashi. In ta yafe, turo manyanka."

Hamida ta yi sati ba ta ɗaga wayarsa. Sannan saƙo ya shigo: "Na yafe, Ubaidu. Amma ka saka alamomin nan kafin ka sako ƙafa gidanmu."

Ya saka. Bayan sallar layya aka ɗaura aure, Alhaji da kansa ya ce Allah Ya ba da zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, jama'a suka shafa.

Sunanta ya wanku, amma gurbinta an riga an ba wani, sauran makarantun kuma kowa ya ce a dakata tukuna. Gidan da suka tare a Ƙaura yana jikin wata firamare. Ba ta taɓa yi masa gori ba. Sai dai kullum da safe, in aka kaɗa ƙararrawa yara suka fara haddar sau, Hamida takan ajiye tsintsiya ta je ta rufe taga, shi kuma yana zaune yana kallo.