Birkin da Ya Tsinke

Ƙarar fashewar madubi ce ta sa Auta ta ƙame a ƙofar shagon.

Kafinta, wanda saura wata ɗaya a ɗaura musu aure, yana tsaye da guduma a hannu, idanunsa jajur. Laifinta ɗaya, ta ce ƙofar kabad ɗinsu ta ɗan karkace.

"Fita! Na ce ki fita!"

"Masoyi... ni ce fa."

Ya wurgo gudumar. Ta wuce ta gefen kunnenta, ta daki bango.

Sai ya durƙushe yana kallon hannunsa kamar na wani.

Mutumin da ko yatsa ka sa masa a baki ba zai ciza ba! Tun da ya faɗo daga rufin wani gini ya bugu a goshi, abu kaɗan ke tunzura shi.

Ɗan kawunta, da ya daɗe yana sonta, ya riga ta kai labari gida, har da ƙarin gishiri.

"Hali zanen dutse," in ji Umma. "Dama ɓoyewa yake yi. Ba zan kai ki inda za a dawo min da gawa ba!"

"Umma, wallahi ba haka yake ba..."

"Rufe min baki!"

Duk da haka Auta ta bi Kafinta asibiti tare da yayarsa. Likita ta nuna musu hoton kansa.

"Nan, bayan goshi, birkin mutum yake. Kowa na fushi, wannan wurin ke cewa dakata. Nasa ya ji rauni."

"Zai warke?" in ji Auta.

"Zai ragu da magani. Amma ba zan ce zai koma kamar da ba."

Da suka fito, ya tsaya nesa da ita, hannuwansa a aljihu.

"Na janye maganar auren, Auta."

"Ban yarda ba! Ciwo ne, ba kai ba ne. Zan jira."

"Ranar nan ban ga fuskarki ba. Sai da gudumar ta bar hannuna na gane ki." Ya ɗago ya dube ta. "In na sake, ban kuskure ba fa?"

Ta matso kusa da shi, ya ja da baya.

"Ki yafe min, abar ƙaunata."

Da tsawa ya daka mata, da ya fi mata sauƙi. Amma a hankali ya faɗa, da taushin muryar da ta sa ta fara sonsa.

Yayarsa ta kama hannunsa suka wuce. Auta ta zauna a kan bencin marasa lafiya, ta rushe da kuka.