Takardar Da Aka Rufe Wa Suna

"Malama... kin kuwa san wanda ya rubuta takardar nan?"

Muryar wata ɗaliba ce ta fito daga kwamfutar. Fuskoki sittin na ɗaliban likitanci suka yi tsit, kowa daga ɗakinsa.

Malama ta gyara zaman gilashinta. Ƙa'idar ajinta ce a rufe sunan mai bincike, a duba aikinsa kawai. Abokiyar aikinta ke zaɓo takardun tana goge sunayen. Yau awa guda suka yi suna feɗe wannan, mai cewa sabon maganin tari yana warkar da yara. Ɗaliban da kansu suka gano an fara da yara ɗari biyu, arba'in suka daina zuwa asibiti, aka yi shiru da labarinsu.

"Ba ruwanmu da suna," ta ce.

"Yanzu na nemo ta... ta likitan yara ce. Angonki."

Saura sati uku bikinsu.

Abokiyar aikin nata ta daɗe da ƙyalla ido a kansa. Kafin la'asar ta tura wa mahaifiyarsa bidiyon ajin.

Aka kira Malama gidansu. A falo mahaifiyar tasa, Hajiya, ta dangwarar da wayar a kan tebur.

"Tun ba ki shigo gidan ba kin tsige min ɗa a gaban yara? Ko ki koma ki ce musu kuskure kika yi, ko a fasa!"

"Ki gafarce ni Hajiya, ban san tasa ba ce."

"Da kin sani fa?"

Malama ta sunkuyar da kai.

"Da shi kaɗai zan fara faɗa wa. Amma maganar ba za ta canja ba. Ɗaliban nan gobe su za su rubuta wa 'ya'yan mutane magani."

Angon na tsaye a bakin ƙofa yana jin su. Ya ɗauki makullin mota ya fice.

Kwana shida ko kira babu.

Ranar aji ta kunna kwamfuta da kumburarrun idanu, sai ga baƙuwar fuska a cikin ɗalibai. Shi ne, zaune a ɗakin ajiyar fayil na asibiti, takardu jibge har kafaɗarsa.

"Malama, sabon ɗalibi na neman izinin magana."

Da ƙyar ta ce, "Muna ji."

"Na kira iyayen yara arba'in ɗin nan ɗaya bayan ɗaya. Goma sha bakwai amai maganin ya sa su, shi ya sa aka daina kawo su. Na rubuta wa mujallar da ta buga takardar ta janye ta. Wace ce ta fara ganowa?"

Wata ɗaliba ta ɗaga hannu a tsorace.

"Idan kin gama karatu ki neme ni, sashenmu na buƙatar irinki."

Malama ta tsura masa ido. Ba ta taɓa ganin ya yi mata kyau kamar yau ba, da gajiyarsa da komai.

Aji ya watse, shi bai sauka ba.

"Zuciyata..." ya ce.

"Hajiya fa?"

"Tana kusa da ni lokacin da nake kiran iyayen. Wata uwa ta fashe da kuka, Hajiya ta karɓe wayar ta ba ta haƙuri da bakinta. Ta ce in tambaye ki launin labulen da kike so."

Ta yi dariya hawaye na zuba.

"Kwana shida babu kira, Likita. Wannan ma sai na duba shi."

"Ki bari a ɗaura tukuna, rabin raina," ya ce, "sannan ki ba ni maki."